Hannu a Bayan Inna Luba

Jikata Nafisa ce ta jawo wannan rubutu. Ran nan bayan la'asar ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, ita da ƙawayenta sun haɗa kai a kan waya suna ƙyalƙyala dariya, sai na ji muryata tana fitowa daga cikin wayar. Ashe wata ce ta tono hoton bidiyon wani buki da aka yi shekarun baya ta watsa. Ga Inna Luba, Allah ya jiƙanta, zaune a gaba tana waƙa, ga ni a bayanta na matso kamar zan hau ta, ɗankwali ya karkace, baki a wangale.

Nafisa ta ɗago ta ce, "Kaka, wai don Allah shi ke nan aikin? Ita tana ta zuba magana, ke kuma layi guda kike ta maimaitawa tun farko har ƙarshe?"

Na ce, "Shi ke nan."

"To ai ko aku ya iya wannan."

"Je ki samo akun, ja'ira. In ya iya, ni da hannuna zan ɗaura mai ɗankwali."

Na so in yi musu bayani a nan take, amma yaran yanzu in magana ta wuce tsawon hoton waya sai idonsu ya fara yawo. Tunda dai na yi ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙi, na ce bari in rubuta, wadda ta gaji ta aje ta dawo.

Zan fara da sunan, don shi ma kun karkatar da shi. Aikin namu amshi ake ce masa, mai yin sa kuma 'yar amshi, ko ɗan amshi in namiji ne. Nafisa ta ɗauka daga amsa tambaya aka samo shi, kamar yadda malami yake tambaya a aji yara su amsa baki ɗaya. Ni ba haka na taso na ji ba. Mu nan Sakkwato in na miƙo miki ƙwaryar fura, "amshi" zan ce, inda Bakanuwa za ta ce "karɓi". Shi ya sa a wasu wurare 'yan karɓi ake kiran mu, duk abu guda ne. Zabiya, wato mai jan waƙar, ba tambayar mu take yi ba. Kaya ne ta ɗauko. Tana tafe da shi har iskar ƙirjinta ta ƙare, sai ta miƙo, mu amsa mu riƙe mata, ta shaƙi wata iskar, mu mayar mata da kayanta. Duk wadda ta taɓa sauke wa wata tulu cike da ruwa ta san ba a jira sai mai tulun ta saki. Tun yana kanta hannunki yake shiga ƙarƙashi.

Yanzu kuma sunan ya lalace a bakin mutane. In mutum ba shi da ra'ayin kansa, duk abin da babba ya faɗa sai ya gyaɗa kai, sai a ce ɗan amshi ne. Har a rediyo ina ji ana zagin 'yan siyasa da sunan sana'ata. Da sun san aikin da sun nemo musu wani suna, don waɗancan mutane baki kawai suke bi, mu kuwa numfashi muke bi.

Yadda na shiga aikin, katanga ce ta jawo. Sunana Ige, an kawo ni unguwar Ƙofar Dundaye ina amarya, gidanmu katanga ɗaya da gidan Inna Luba. Ni mace ce mai son gida, ko kasuwa sai in babu wanda zan aika. Inna takan gwada sabuwar waƙa da hantsi tana shara, ni kuma ina wannan gefe ina daka, ban ma san bakina yana karɓar mata ba. Wata rana sai na ga kai ya ɓullo ta saman katanga. Inna ce, turmi ta taka.

"Ke amarya, wa yak koya maki shiga?"

"Shiga ina, Inna?"

"Duk inda na aje numfashi sai in ishe ki tsaye. Ina da masu amshi gida cike, babu wadda ka yi man haka."

Da yamma ta sa mayafi ta tsaya a zaure ta nemi maigidana, marigayi Malam Umaru tela. Ya kafa sharaɗi, cikin gidajen mata kaɗai, kuma kiran magariba ya same ni a ɗakina. Sannan ya ƙara da cewa, "In dai za ta bar rabin surutunta can waje, Inna, ku tahi da ita." Bai samu abin da yake so ba. Surutun ƙaruwa ya yi, don yanzu ina da labarin gidajen gari duka.

Na ɗauka washegari zan fara rera waƙa. Sai da damina ta shigo ta fita Inna ba ta bar ni na buɗe baki a gaban mutane ba. Duk bukin da muka je, aikina in zauna dab da bayanta, in cusa hannun dama ƙarƙashin mayafinta, in ɗora tafina daidai haƙarƙari.

"Kada ki saurari waƙa," in ji ta. "Waƙa ta masu buki ta. Ke iska za ki saurara."

Da farko babu abin da nake ji sai zufa. Sannu a hankali tafina ya fara karatu. In ta cika ƙirji, bayan yakan buɗe kamar salkar ruwa. In ta yi nisa a layi, haƙarƙarin yakan fara komawa ciki, sai wata 'yar rawa ta zo can ƙasa, to saura kalma ɗaya ko biyu ke nan. A kan wutsiyar kalmar ƙarshe ake shiga, ba bayanta ba. In kika makara kin bar rami, kowa zai ji zabiya tana haki kamar wadda ta hau tudu. In kika yi gaggawa kin taka sunan mutum, kuma matar da ta zauna tun azahar tana jiran a ambaci tsohonta ba za ta yafe miki ba har ki tsufa. Daga baya kunnena ya koyi abin da hannu ya koya, na daina sa hannun.

Wani suna da muka je ƙauyen Dundaye bayan an kwashe amfanin gona, shi ne ranar da aka fara bari na buɗe baki. Mu uku muka je da Kulu, abokiyar aikina, gajeruwa mai kaifin harshe, wadda take haɗa kiɗa da amshi. Ita ke ɗauke da ƙore, an jera ƙanana cikin manya an ɗaure da zane. Kayan aikin ke nan. Manyan ana kife su a kan tsumma a buga da tafi da zobba. Ɗaya kuma ana kife ta a baho cike da ruwa a buga da 'yan sanduna, ita ce mai babbar murya, wadda ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Kulu takan ɗan karkata ta, ta saki iska kaɗan daga ƙarƙashi, ta buga, ta saurara, ta sake, har muryar ƙwaryar ta zauna daidai da ta Inna. In ƙwarya ta tsage akan kai wa gyartai ya ɗinke, amma ɗinkakkiya ba ta ƙara magana daidai, sai dai ta koma awon tsaba.

Ni kayan aikina maƙogwaro ne. Babu ruwan ƙanƙara ko da zafin Sakkwato zai narkar da mutum, babu gyaɗa, babu ƙuli-ƙuli ranar aiki. Citta da kanumfari da masoro suna ƙulle a bakin zanena kullum, zuma kuma a gida. Goro ma Inna ta hana, tana cewa yana busar da murya. Kulu ba ta taɓa bin wannan doka ba. In an yi mata magana sai ta tura goron gefen kumatu ta ce, "Tawa muryar ta saba da wahala."

Manoma ba su da ƙyashin hannu in shekara ta yi kyau. Ran nan aka haɗa mu da damen gero, da shinkafa 'yar gida, da kaza mai rai. Ni sabuwa, ni aka bai wa kazar. Muna tafe a hanya Inna tana ta lissafa mini inda na yi daidai da inda na ja da yawa, duk ta kai ƙarshen magana sai kazar ta yi ƙara a hammatata. Kulu ta ce, "Inna, ki sallami Ige ki riƙe wagga. Ta hi ta shiga kan lokaci, kuma ba ta da miji mai jiran magariba."

Masu buki iri-iri ne, kuma dole 'yar amshi ta san su kamar yadda zabiya ta san su. Akwai uwar bukin da za ta ja Inna ɗaki ta raɗa mata wa za a ambata da wa za a tsallake. Akwai wadda za ta zo ta tsaya a gabanku ƙiƙam, ba za ta gusa ba sai ta ji kakanta da kakan kakanta. Akwai wadda za ta rantse ba ta son a ambace ta, in kuwa aka bi maganarta ta daina gaishe ku. Wani gida sunayensu gajeru ne, iska guda ta kwashe su. Wani gida kowane suna yana jan laƙabi da garin asali kamar raƙumi da kaya. In ban san gidan ba, ba zan san inda iskar Inna za ta ƙare ba.

Wani wunin buki a cikin gari, da Balki muka je, yarinyar da Inna ta ɗauka daga baya. Muryarta ta fi tamu duka, har ta Inna, in za a faɗi gaskiya. Inna tana wasa goggon ango, ta jero kirarinta har ta kawo bakin suna, sai ta tsaya. Da gangan ta tsaya. Matar ta shiga ɗaki ɗauko tukuici, Inna tana so sunan ya tarye ta a bakin ƙofa. Balki ta ɗauka mantuwa ce, don taimako sai ta jefa sunan da wannan zazzaƙar murya tata. Tsakar gida ta yi tsit. Wata tsohuwa ta ce da ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, "Ashe Luba ta fara mantuwa." Inna ta mayar da abin wasa, ta ce ɗiyarta ce take gwada ƙafa, aka yi dariya aka wuce. Amma sai da aka yi makonni ana tambayar mu ko Inna lafiya.

Dokar ke nan, kuma ita ce babba a wannan aiki. Muddin zabiya tana zaune, 'yar amshi ba ta ɗaukar layinta. Ko kin san shi kamar sunanki. In kika ɗauka, kin sanar da mata cewa ta gaza, kuma mata ba sa mantuwa da irin wannan. Inna ba ta yi wa Balki faɗa ba. Ce mata ta yi, "Muryakki ta gaba ta, ɗiyata, ba ta baya ba. Tahi ki nemi masu amsa maki." Haka kuwa aka yi. Yau Balki tana waƙa a ɗakin ɗaukar murya, tana da motarta, duk salla sai ta aiko mini da atamfa. Ita ma ba ta yi asara ba.

Gidan da ya fi kowane gida gwada mu shi ne na Malama Hadiza a unguwar Gidan Dahala, gidan malamai ne tun kakanni. Zuwanmu na farko muna ɗauke da ƙore aka tare mu a zaure, aka ce Malam ya yarda da murya amma bai yarda da kiɗa ba, a bar kayan a nan. Kulu ta dubi ƙorenta kamar an ce ta bar goyonta a titi. Da aka fara, hannuwanta suka dinga bugun cinya da kansu, sai da Inna ta danne mata su da gwiwa. In babu kiɗa babu wurin ɓuya. Kowane rami a fili yake, amshi kaɗai ne tsakanin zabiya da kunya. Amma mun yi, kuma tun daga ranar duk bukin gidan namu ne.

A gidan ba a wasa dukiya. Matan gidan da suka koyar da karatu ake jerowa, ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna amsawa da "Albarka ta sauka a gidan karatu." A ƙarshe ake zuwa kan Goggo Aisa, mahaifiyar Malama Hadiza, wadda ta rasu tun kafin mu san gidan. Nata layin dogo ne, Inna takan ɗauke shi da iska guda, sunan yana can ƙarshe kamar murfi. Duk matan gidan sun haddace shi, suna jiran sa tun daga farkon waƙa.

Sai shekarar wahala ta zo. Damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, mutane suka koma ɗaura aure a watse ba wuni. Masu ɗan hali kuma 'ya'yansu suka fara kawo manyan lasifikoki, a danna waƙa daga waya, babu mai cin tuwon buki balle a ba shi kaza. Ana cikin haka ciwon ƙirji ya kwantar da Inna wata da watanni. Kulu ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida, ni na koma kitso, wanda ban ƙi ba, tunda kan da za a yi wa kitson shi yake zuwa ya same ni. Da Inna ta tashi, muryar tana nan da zaƙinta, amma iskar ta gajarce. In ta gaishe ki sai ta huta kafin ta tambayi yara. Gari kuwa ya ɗauka, Luba ta ƙare.

Ku da ba ku san aikin ba, ga abin da ke ciki. In zabiya ta yanke a tsakiyar waƙa gaban mata, kafin gari ya waye an kai labarin kowane lungu. Kuma da wannan ranar za a dinga tuna ta. Duk shekarun da ta yi tana faranta wa mutane sai su bi ruwa, a ce, "Luba? Ai ina wurin ranar da ta kasa."

Gab da azumi Malama Hadiza ta aiko, za ta aurar da autarta, tana son Inna. Muka taru a ɗakin Inna da hantsi. Kulu ta ce, "Ki ba su haƙuri. Gidan da ko ƙwarya ba a shiga da ita, mi za mu ɓoye ki da shi?"

Inna ta ce, "Ni na yi bukin yayyen yarinyar ga duka. Ita mi tay yi man da zan tsallake ta?"

Muka gwada. Sunayen da take kwashewa da iska guda, yanzu a na biyu take tsayawa. Sai muka yanka waƙar gunduwa-gunduwa, kowane suna da amshinsa. Wannan ya yiwu. Layin Goggo Aisa ne ya gagara. Ta gwada, ta sha zuma, ta sake gwadawa, kullum sai ta yanke kafin ƙarshe.

Kulu ta ce, "Ige ta san layin ga kamar Fatiha. In ya gagara ta ƙarasa, wa zai lura?"

"Kowa," in ji Inna. Ta dube ni. "Ba a taɓa sauke ni ba, Ige. Ba kuma gidan Malama za a fara ba."

Na ce, "To in dawo da hannuna inda yake da?"

Ta ce, "Ki wanke shi dai. Kin wuni cikin man kitso."

Ranar ana zafi irin na bazara. An kafa rumfa a tsakar gida, tabarmi sun cika har bakin madafa. Wasu don amarya suka zo, wasu kuwa na san fuskokinsu, sun zo ne su gani da idonsu ko maganar gari gaskiya ce. Wata ma ta ɗaga waya tun kafin mu zauna. Na matsa bayan Inna, na cusa hannu ƙarƙashin mayafi. Bayan da na sani faffaɗa ya koma ƙashi, ina iya ƙirga haƙarƙarin da yatsa.

Ta fara. Suna ɗaya, mu amsa. Suna ɗaya, mu amsa. Ban ba ta damar kaiwa inda za ta yi haki ba, da na ji 'yar rawar nan a tafina sai in shiga, Kulu ta biyo ni. Mata suka ɗauka sabon salo ne, har wasu suna gyaɗa kai. Muka bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya lafiya lau, har muka iso inda kowa yake jira. Na ji ta cika ƙirji iyakar abin da zai ɗauka, ciki yana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Ta ɗauka:

"Mai ɗaki cike da alluna, wadda matan aure suka yi wa layi da goyo a baya, ta ba su karatu ta ba su tuwo, ba ta sallami kowa da yunwa ba, uwar Hadiza..."

A nan bayan ya faɗa ciki gaba ɗaya. Babu ko rawar. Hannuna ya sani kafin kunnen kowa ya sani, saura suna kaɗai, kuma babu iskar da za ta ɗauke shi. Na hau wutsiyar "Hadiza" da amshi. Kulu ta shigo. Muka kai ƙarshe, tafina ya ce ba ta dawo ba. Na sake zagayowa. Kulu ta zungure ni da gwiwar hannu, ta raɗa ta gefen goronta, "Hwaɗi sunan, Ige, a wuce wurin."

Sunan yana kan harshena. Gajere ne, ko yaro ya faɗe shi. Na sake zagayowa da amshi.

Amshin mutum biyu in ya yi ta maimaituwa, kunne yakan fara tambaya. Na ga mai wayar nan ta ƙara ɗaga hannu. Sai na ɗaga hannun hagu na yafito tsofaffin da ke zaune gefen Malama, kamar yadda ake kiran mutum cin abinci. Waɗannan tsofaffi su ne matan auren da ake faɗa a waƙar, su suka yi layin da goyo a baya. Ɗaya ta karɓa da 'yar muryarta mai rawa, ta kusa da ita ta karɓa, sai ƙawayen amarya, sai masu rabon abinci da ludayi a hannu. Gidan malamai da ba a ɗaga murya, ran nan tsakar gida duka ta zama 'yan amshi. "Albarka ta sauka a gidan karatu." Suna yi suna kallon bakin Inna, ita kuwa ta rufe ido ta ɗaga kai kamar mai jin daɗin abin, ba mai neman iska ba. Tsohuwa ta iya zama.

Can na ji bayan ya fara buɗewa a ƙarƙashin tafina, kaɗan kaɗan, har ya cika. Na bari aka kai ƙarshen zagayen, na sauke hannun hagu. Kulu ta yi shiru, mata suka yi shiru. Inna ta buɗe ido ta ce, "Aisa." Ita kaɗai, da cikakkiyar murya, ta ja shi har ya kai zaure.

Malama Hadiza ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata ta rangaɗa guɗa, ba a hana ta ba.

Da za mu fita Malama ta rako mu har bakin zaure, abin da ba ta saba ba. Ta miƙa wa Inna kwalbar zuma, sannan ta dube ni ta ce, "Sannu da riƙo, Ige." Ban san iyakar abin da ta gani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da ya zaga gari dai shi ne, Luba ta riƙe sunan Goggo Aisa sai da gida duka ya roƙa kafin ta sake shi, ba a taɓa girmama mamaci haka ba. Har yau akwai masu yi wa zabiyoyi gori da wannan rana.

A cikin keke mai ƙafa uku muna komawa, rana ta yi ja, Inna ta jingina da ni, muryar ta koma raɗa.

"Ige."

"Na'am, Inna."

"Zagaye na biyu kin yi ƙasa da yawa."

Kulu ta ce, "Ji tsohuwa. An tsamo ta daga rijiya tana cewa guga bai da kyau."

Inna ba ta kula ta ba. Ta laluba ta kamo hannuna na dama ta aje a cinyarta, ba ta sake shi ba har Ƙofar Dundaye. Bayan salla aka yi ta aiko mata daga gidaje, har da waɗanda suka ce ta ƙare. Duk wanda ya zo sai ta ce, "Na gama gidan Malama." Ba ta sake fita waƙa ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma babu mahaluƙin da zai ce ya taɓa ganin ranar da Luba ta kasa. An ce in ja waƙar ni, tunda na san komai. Na ce a'a, na gode, ni dama katanga ce ta fitar da ni, na koma ɗakina.

Jiya na sa Nafisa ta sake buɗe hoton nan, don na wannan ranar ne. Na ce ta daina kallon bakina, ta nemo mini hannuna na dama. Ta duba, ta mayar baya, ta ƙara dubawa.

"Ba a ganin sa, Kaka."

Na ce, "To."

Ta karanta abin da na rubuta har ƙarshe, tana yi tana gyara mini baƙaƙe ba tare da an sa ta ba. Sannan ta aje wayar, ta zagayo bayana ta zauna, ta cusa hannu ƙarƙashin mayafina. Hannun sanyi ƙalau, yanzu ta gama shan ruwan firij.

"Ja mu ji," in ji ta.

Inna ba ta zaune yanzu, babu laifi. Na ja layin Goggo Aisa, karo na farko a rayuwata da na faɗe shi da ƙarfi. Na kai ƙarshe, iskata ta ƙare, na tsaya cikin rami ina haki, sai can Nafisa ta shigo da amshinta, a makare, da murya mai daɗi.

Na ce, "Akun dai za mu nema."

Ba ta cire hannun ba. Ta gyara shi, ta ɗan sauko da shi daidai haƙarƙari, ta ce, "Sake."

Na sake.